Wanda ya raɗa wa cuta suna, shi ke ƙirga masu ita

Wata rana da yamma kawuna ya kira ni, muryarsa a dagule. Ya je an auna shi, na'ura ta nuna 134 a sama, 84 a ƙasa. Likitan da ya duba shi ya ce babu abin tayar da hankali, ya dai rage gishiri ya riƙa ɗan taka ƙasa. Ya dawo gida zuciyarsa wasai, sai 'yarsa da ke karatun aikin jinya ta ɗauki takardar, ta duba wayarta, ta ce, "Baba, ai wannan hawan jini ne, matakin farko." Shi ne ya ɗaga waya ya neme ni.

"Ɗana, kai da ba ka rabuwa da karance-karance, gaya mini gaskiya. Ina da cutar nan ko ba ni da ita?"

Na ce, "Kawu, likitanka bai yi ƙarya ba, ita ma ƙanwata ba ta yi ba."

Ya ce, "To ni ne maƙaryacin ke nan?"

Abin da ya faru shi ne kowannensu da layin da yake kallo. A watan Nuwamba na 2017 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka sauko da iyakar hawan jini daga 140 da 90 zuwa 130 da 80. Hukumar Lafiya ta Duniya da likitocin Turai suka tsaya a kan tsohuwar iyaka. A Amurka, wannan sauyi kaɗai ya ɗaga adadin manya masu hawan jini daga kashi 32 cikin ɗari zuwa kashi 46. Mutum sama da miliyan talatin sun kwanta lafiya ƙalau sun tashi da cuta, alhali jininsu bai motsa daga inda yake ba. Kawuna yana tsakanin layukan nan biyu, kamar mai gida a bakin iyaka.

Tun ranar nake juya maganar nan a raina, har ta kai ni ga ra'ayin da zan kare a nan. Ma'anar da aka ba kalmomin kiwon lafiya hukunci ne da wasu mutane suka zauna suka yanke, a wata shekara, bisa wasu dalilai. Tunda kuwa hukuncin yana hawa kan kowa, bai kamata a bar shi a ɗakin ƙwararru kamar wani sirri ba. Duk adadin da aka karanta mana na masu wata cuta, muna da haƙƙin jin ma'anar da aka yi awo da ita, da wanda ya tsara ta, da lokacin da aka tsara ta.

Kafin in kai ga ƙorafi, bari in fara biyan bashin yabo, domin ni mai goyon bayan a daidaita kalmomin nan ne ɗari bisa ɗari. Akwai wani kundi da yawancin marasa lafiya ba su taɓa jin sunansa ba, amma da wuya ka sami likitan da ya taɓa neman wani bincike a intanet bai bi ta kansa ba, ko ya sani ko bai sani ba. Sunansa MeSH, wato kanun batutuwan likitanci. Babban ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka, da ke Bethesda a jihar Maryland, shi ke riƙe da shi. Tushensa ya daɗe. A 1879 wani likitan soja mai suna John Shaw Billings ya fara fitar da Index Medicus, fihirisar da ke jera maƙalolin da aka buga a mujallun likitanci, kuma an ci gaba da buga ta a takarda har 2004. Tun daga rana ta farko tambayar da ta hana masu aikin barci ita ce: a ƙarƙashin wane kai za a ajiye kowace maƙala? A 1960 aka buga MeSH na farko da kanu 4,400. Bugun 1963 ya kai 5,700. Yau sun haura 30,000, kuma ana sabunta su duk shekara. Da su ake yi wa maƙalolin MEDLINE alama, wato babban rumbun da mutane ke shiga ta ƙofar PubMed, wadda aka buɗe wa duniya kyauta a 1997.

Matsalar da kundin ya zo magancewa kowa ya san ta, ko bai taɓa shiga ɗakin karatu ba. Abu ɗaya, sunaye goma. Wani marubuci ya ce bugun zuciya, wani ya ce toshewar jijiyar zuciya, wani ya ce mutuwar wani sashe na tsokar zuciya, duk kuwa ba cinya ba ƙafar baya. Wanda ya nemi bincike da suna ɗaya zai sami kashi ɗaya, sauran su wuce shi a duhu. Sai aka ce to, a zaɓi suna guda ya zama kai, sauran sunayen a rataya su a ƙarƙashinsa su zama ƙofofin shiga. Ta ko wacce ka shigo, ɗaki ɗaya za ka faɗa. Ko marubucin bai taɓa ambaton zaɓaɓɓen sunan a maƙalarsa ba, mai fihirisa zai liƙa mata shi, saboda ya karanta ya ga abin da take magana a kai ke nan.

Na so a ce kowa ya taɓa buɗe shafi ɗaya na kundin nan ya gani da idonsa, domin akwai wata irin natsuwa a cikinsa. Ɗauki shafin hawan jini. Za ka ga sunan a sama. Za ka ga lamba: C14.907.489. Harafin C yana nufin cututtuka, ɗaya daga manyan rassa 16 na kundin. C14 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini ne, 907 ya ware na jijiyoyin jini kawai, 489 kuma ya sauka a kan hawan jini. Asali ne ake jerowa, kaka da uba da ɗa. Idan ka nemi uban, injin zai kwaso maka har da 'ya'yansa. Cuta ɗaya kan iya zama a gida biyu: tarin fuka yana cikin dangin cututtuka masu yaɗuwa, yana kuma cikin dangin cututtukan huhu, kuma ta ko'ina ka bi za ka same shi. Sannan akwai ƙananan kanu saba'in da wani abu da ake haɗawa da manyan, irin su magani, illa, rigakafi, hanyar ganewa. Da su ne mai neman illar wani magani zai tsallake dubban maƙalolin da ke yabon amfaninsa ya dira kai tsaye a kan waɗanda ke ba da labarin ɓarnarsa. A ƙarƙashin sunan kuma akwai 'yan layuka biyu ko uku da ke fayyace abin da kalmar ta ƙunsa, da shekarar da ta shigo kundin, da sunan da ake amfani da shi kafin zuwanta. Waɗannan 'yan layuka su ne zuciyar aikin, kuma su ne kusan babu mai karantawa.

Wanda yake ganin wannan aikin zaman banza ne na masu jera littattafai, ya tuna abin da ya faru a jami'ar Johns Hopkins a 2001. Ana wani bincike a kan cutar asma, aka ba wata matashiya mai shekara 24, lafiyayya, wani sinadari mai suna hekzametoniyam ta shaƙa. Huhunta ya lalace, ta rasu a watan Yuni. Da aka bi diddigi sai aka ga tun cikin shekarun 1950 likitoci sun rubuta cewa sinadarin yana iya lalata huhu. Mai binciken ya duba PubMed, amma a lokacin rumbun bai koma baya har zuwa waɗancan shekaru ba. Ilimin yana nan a ajiye a kan kanta, hanyar kaiwa gare shi ce ta yanke. A wannan lamari giɓin na shekaru ne, amma giɓin suna ma haka yake aiki: abin da fihirisa ba ta nuna ba, a wurin mai nema daidai yake da abin da ba a taɓa rubutawa ba.

Saboda haka ba ni tare da masu cewa likitoci sun ƙirƙiro manyan kalmomi ne don su rikita talaka. Akwai masu fakewa da su, ban musa ba. Amma in babu suna ɗaya da aka yarda da shi, likitan Japan da na Brazil ba za su san cewa abu ɗaya suke gani ba.

Inda na rabu da masu kundin da masu yi musu biyayya ido rufe shi ne yadda ake ɗaukar ma'anonin nan kamar daga sama suka faɗo. Tarihinsu ya ƙaryata haka. A 1662 wani ɗan kasuwa a Landan, John Graunt, ya tattara takardun mace-macen birnin ya yi lissafi a kansu. A cikin dalilan mutuwa da aka rubuta akwai haƙora, akwai baƙin ciki, akwai firgita, har da bugun tauraro. Tsofaffin mata ne ake turawa su duba gawa su faɗi abin da ya kashe ta. Yau abin yana ba mu dariya, amma su a wurinsu ilimi ne, kuma da shi suka yi ƙidaya. A 1893 aka amince da jerin dalilan mutuwa na Bafaranshe Jacques Bertillon a wani taron masana ƙididdiga a Chicago. Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948, shi ne ya zama kundin rarraba cututtuka da ake kira ICD, wanda bugunsa na 11 ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2022. MeSH maƙaloli yake jerawa, ICD kuwa mutane, domin lambobinsa ne ke hawa kan takardar asibiti da takardar shaidar mutuwa. Abin da aka yi wa gyaran fuska har sau goma sha ɗaya, ai ya faɗa da bakinsa cewa aikin ɗan Adam ne.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙanjamau. Ma'anar farko da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tsara an gina ta ne a kan abin da aka gani a jikin marasa lafiyan farko, waɗanda galibinsu maza ne. Sai ga mata masu ɗauke da ƙwayar suna fama da wasu cututtukan da ba sa cikin jerin, suna ramewa suna mutuwa, amma a takarda ba su da ƙanjamau. Rashin sunan nan kuwa ya sa da yawa suka kasa samun tallafin da gwamnati ta tanada wa masu cutar. Sai da aka yi shekaru ana zanga-zanga kafin a faɗaɗa ma'anar a farkon 1993, aka shigar da sankarar bakin mahaifa, da tarin fuka, da ciwon huhu mai yawan dawowa, da duk mai ƙwayar da ƙwayoyin garkuwarsa na CD4 suka faɗi ƙasa da 200. A shekarar, adadin da aka ba da rahoto ya ninka na shekarar da ta gabace ta har ya zarce. Matan nan ba a 1993 suka kamu ba. A 1993 ne dai ma'auni ya yarda ya ɗauke su.

Irin wannan ya sake faruwa a gaban idonmu. Ranar 13 ga Fabrairu 2020 lardin Hubei na ƙasar Sin ya ba da sanarwar sababbin masu korona 14,840 a yini ɗaya, duniya ta girgiza. Ashe hukumomi ne suka fara ƙirga waɗanda likita ya gane cutar a jikinsu ta alamomi da hoton huhu, ko ba a yi musu gwajin ƙwayar ba. Bayan kamar mako guda aka janye wannan rukuni, lambobi suka ruguzo. Wanda ya kalli zanen hawa da sauka kawai zai rantse annoba ta yi tsalle ta dawo. Haka a 1997 aka sauko da iyakar ciwon sukari a gwajin kafin karin kumallo daga 140 zuwa 126. Haka kuma, a ma'anar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutuwar uwa saboda haihuwa ita ce wadda ta auku tana da ciki ko cikin kwana 42 bayan ƙarewar cikin. Wadda ta yi ta jinya daga ranar haihuwa ta cika a kwana na 43, wani rukuni daban ake kai ta, ba ta shiga babban adadin da ƙasashe ke gwada kansu da shi. Dole a ja layi a wani wuri, na sani. Amma mijinta da 'ya'yanta sun san abin da ya kashe ta.

Kada a ɗauka ina cewa duk sauyin ma'ana maƙarƙashiya ce. Saukowar iyakar hawan jini ta biyo bayan wani babban gwaji mai suna SPRINT da aka buga sakamakonsa a 2015, wanda ya nuna cewa ƙara sauko da jinin masu haɗarin ciwon zuciya yana rage mace-mace. Kuma yawancin waɗanda sabon layin ya kwaso ba a ce a ɗora su a kan magani ba, shawarar gyaran rayuwa aka ba su. Duk da haka ƙungiyar likitocin iyali ta Amurka ta ƙi sa hannu a kai. Ka ga ke nan su kansu masanan ba bakinsu ɗaya ba. Akwai kuma wata gaskiya da ba a son faɗa da ƙarfi: duk lokacin da aka sauko da iyaka, kasuwar magani tana faɗaɗa, kuma an sha samun masu alaƙar kuɗi da kamfanonin magunguna a cikin kwamitocin da ke tsara ƙa'idojin jinya. Wannan bai isa ya sa a yi watsi da hukuncinsu ba. Ya dai isa ya sa mu nemi a buɗe mana littafin, mu ga wa ya zauna a teburin, wa ke biyan sa.

Sai batun suna shi kansa, wanda aka ce linzami ne. A 2009 aka yi annobar da aka laƙaba wa murar aladu, gwamnatin Masar ta ba da umarnin hallaka aladun ƙasar, kimanin 300,000, alhali cutar tsakanin mutane take yaɗuwa. Murar 1918 har yau da sunan Sifaniya ake kiran ta, ba don can ta faro ba, sai don jaridun ƙasar, da yake ba ta cikin yaƙi, sun sami sararin ba da labarinta lokacin da aka toshe bakin na maƙwabta. A 1965 sai da wakilan Mongoliya suka kai kuka kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina kiran wata larurar da ake haifar yaro da ita da sunan al'ummarsu. A 2015 hukumar ta fitar da ƙa'ida cewa a daina raɗa wa sababbin cututtuka sunan gari, ko mutum, ko dabba, ko sana'a. Da ita aka yi aiki wajen zaɓen COVID-19 ranar 11 ga Fabrairu 2020, kuma irin tunanin ne ya sa ƙyandar biri ta koma mpox a ƙarshen 2022. Na yarda da ƙa'idar, amma sauya suna ma yana da kuɗinsa. Duk abin da aka rubuta da tsohon suna yana iya ɓacewa daga idon mai nema. A nan ne kundi irin MeSH ke nuna ranarsa, domin ba ya jefar da tsohon suna, yana mayar da shi ƙofar shiga ne. Hukumar da ta sauya suna ba ta ajiye irin wannan gada ba, ta ƙone rumbunta da hannunta.

Ƙorafina na biyu ya shafi wanda ke riƙe da alƙalamin. Kundin da duniya duka ke nema da shi, ofishi ɗaya ne a ƙasa ɗaya ke rubuta shi, da kuɗin harajin mutanenta, da harshenta. A yaba musu, sun bayar kyauta. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yoyon ɗakinsa zai fara toshewa. Maganin da kusan duk duniya ke kira farasitamol, kundin da asitaminofen ya san shi, domin haka Amurkawa ke cewa. Salbutamol na masu asma ya zama albuterol. Tun 1953 Hukumar Lafiya ta Duniya ke fitar da sunayen magunguna na bai ɗaya don kauce wa irin wannan, amma ga shi nan. A kan allon kwamfuta abin da sauƙi, ƙofar shiga za ta kai ka. A hannun marar lafiya ne yake zama haɗari, ranar da ya riƙe kwalaye biyu masu suna daban-daban ya sha duka, bai san magani ɗaya ya ninka wa hantarsa ba. Haka kalmomin da kundin ke rarraba jinsin mutane da su, daga tarihin Amurka aka yanko su. A 2022 sai da ma'aikatan ɗakunan karatun likitanci suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a kan wata kalma da aka sa wa baƙaƙen fata, aka gyara ta a bugun 2023.

Mutanen Latin Amurka sun nuna hanyar da ta fi zaman ƙorafi. Cibiyar BIREME da ke São Paulo, wadda aka kafa a 1967, ta fassara kundin zuwa harsunan Fotugal da Sifaniya ta kira shi DeCS, sannan ta ƙara masa rassan da ta ga babu, ciki har da reshe guda a kan lafiyar al'umma. Ba su tsaya jiran a tuna da su ba. Faransa da Sweden da wasu ƙasashe ma suna da nasu fassarar. Amma harsunan duniya sun kai kimanin dubu bakwai, waɗanda ke da irin wannan kundi kuwa 'yan kaɗan ne. Kuma aikin ya wuce musayar kalma da kalma. A harshen nan da nake rubutu da shi, kalmar shawara takan ɗauki rawayar ido da ciwon hanta ke kawowa, ta ɗauki wadda jariri ke yi, ta kuma ɗauki cutar da sauro ke yaɗawa. Zazzaɓi alama ce, amma a baki ta zama sunan cuta. Kowane harshe yana da irin wannan, har da wanda aka rubuta kundin da shi: sunan da Turawa ke kiran zazzaɓin cizon sauro daga Italiyanci ya fito, ma'anarsa mummunar iska, domin da can iskar fadama ake zargi. Mai fassarar da ya ɗauko kai ya bar 'yan layukan bayanin da ke ƙarƙashinsa, ya kawo jaka ne ba kaya.

Akwai kuma kalmomin da ke tasowa daga ƙasa. Waɗanda korona ta bar su da gajiya da ƙarancin numfashi da rikicewar tunani wata da watanni, su suka raɗa wa halinsu suna a kafofin sada zumunta a 2020, suka kira shi doguwar korona, tun likitoci da yawa na ce musu damuwa ce kawai. Sai a watan Oktoba 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'ana: alamomin da yawanci ake gani wata uku bayan kamuwa, suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma babu wata cuta da ta bayyana su. MeSH ya ba shi cikakken kai a bugun 2023. A tsakanin nan, mai ciwo yana yawo da abin da ba shi da lamba, abin da ba shi da lamba kuwa ba ya shiga kasafi. Na fahimci dalilin jinkirin, domin kundin da ke rungumar kowace kalmar yayi zai zama juji. Sai dai a lura da wanda ya biya kuɗin jiran.

Yanzu kuma wani sabon abu ya shigo. Shekara da shekaru mutane ne, masu ilimin kimiyya, ke karanta maƙala su zaɓa mata kanu. Daga 2022 ɗakin karatun ya miƙa aikin ga manhaja, mutane suka koma duba wani ɓangare kawai. Ba na zargin su. Maƙaloli sun fi ƙarfin hannu, a da sai wata ta yi watanni tana jiran layi, yanzu cikin kwana ɗaya ko biyu an gama. Damuwata ita ce na'ura daga abin da aka yi jiya take koyo. Za ta ƙware a kan cututtukan da aka yi rubutu dubu ɗari a kansu, ta yi tuntuɓe a kan wadda maƙalolinta ba su taka kara sun karya ba, wato dai cututtukan marasa galihu da dama can ba a cika waiwayar su ba. Kuma ɗan Adam mai fihirisa shi ne ke fara jin cewa wani abu sabo ya bayyana wanda babu kan da ya dace da shi, ya ɗaga hannu ya ce a ƙirƙiro. Masu cewa ƙirƙirarriyar basira ta sa an daina buƙatar kundin kalmomi, tunda injin yana gane nufinka ko yaya ka rubuta, sun manta abu ɗaya. Kundi a buɗe yake, kana iya nuna layi ka ce wannan kuskure ne, a gyara, a rubuta shekarar gyaran. Abin da injin ya fahimta a cikinsa kuwa babu shafin da za ka buɗe ka gani.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Ɗan jaridar da zai ce masu wata cuta sun ƙaru, ya fara tambaya ko cutar ce ta ƙaru ko layin ne ya matsa, ya kuma faɗa wa masu sauraro amsar. Hukumar da ta sauya ma'ana ta riƙa fitar da adadi biyu na 'yan shekaru, na tsohon ma'auni da na sabo, don a iya gwadawa. A makarantun likitanci da na jinya a koya wa ɗalibai karanta shafin kalma har ƙasa, da tarihinta, kamar yadda ake koya musu karanta hoton ƙirji. Ƙofa ma a buɗe take fiye da yadda ake zato: ɗakin karatun na Bethesda yana karɓar shawarar sabon kai daga kowa, ICD ma yana da dandalin da ake shigar da buƙatar gyara. Likitocin da ke ganin cututtukan da kundin ya yi wa riƙon sakainar kashi, su ya kamata su fi kowa cika wuraren nan da takardu.

Da na koma shafin hawan jini don in amsa wa kawuna, na tarar da abu biyu. Bayanin da ke ƙarƙashin kan ya ci gaba da ɗaukar 140 da 90 shekaru bayan likitocin zuciya na ƙasar da ke buga kundin sun sauko. Na biyu, bayanin ya ce hawan ya kasance mai ɗorewa, bisa awo da yawa. Mu kuwa duk gardamar nan a kan awo ɗaya muke yin ta, wanda aka yi wa dattijo bayan ya hau matakala ya zauna gaban mai farar riga.

Na ce masa, "Kawu, a samo na'urar gida. Safe da yamma, kwana bakwai, kana zaune ka huta, a rubuta."

Ya yi, da ƙorafi. Da aka haɗa lissafi, na sama ya sauko 128, na ƙasa ya tsaya a 82. 'Yarsa ta ce tunda na ƙasa ya haura 80, har yanzu yana ciki. Likitansa ya duba takardar ya ce ya dawo bayan wata shida.